Sitiyari a Hannun Makanikan Kumasi

Ranar Lahadi 4 ga Agusta, 1974, direbobin Ghana suka wayi gari da sabuwar doka: daga yau kowa ya bi hannun dama. Gwamnatin Kanar Acheampong ce ta yanke haka, domin Togo da Kodebuwa da Upper Volta, wato Burkina Faso ta yanzu, duk dama suke bi, Najeriya ma ta riga ta sauya tun 1972. Sai dai yawancin motocin da ke kan titi irin na Ingila ne, sitiyarinsu a dama. Direban Zongon Kumasi da ya ɗauko goro zai nufi Tamale, in zai wuce wata mota, sai yaron motarsa ya leƙa ya ce masa hanya ta yi kyau.

Mutanen Zongon Kumasi sun san hanya tun kafin mota. Kakanninsu fatake ne masu kora jakuna daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, Turawa suka mamaye Kumasi a 1896, jirgin ƙasa ya iso a 1903, ciniki ya gangaro kudu. Da aka buɗe babbar hanyar arewa ga motoci, lori ya karɓi aikin jaki, jikokin madugai suka zama direbobi da masu motoci da 'yan kamasho a tasha.

Inda mota ta yawaita kuwa, dole a sami mai gyaranta. A shekarun 1930 maƙera da makanikai suka fara taruwa kusa da tsohon ma'ajin makaman sojan Turawa, daga baya aka mayar da su Suame, a bakin hanyar da ta nufi arewa. Nan ne Suame Magazine, wadda yau ake lissafa ta cikin manyan matattarar masu gyaran mota a Afirka. Samarin Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da yawa a can suka yi zaman koyo a ƙarƙashin masta, shekara da shekaru, daga wanke noti a cikin fetur har a yarda su kama sifana. Wahalar ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kayan gyara suka yi ƙamfa a ƙasar, ita ta ƙara wasa su: abin da ba a samu a kanti ba, a ƙera shi ko a ciro daga matacciyar mota. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikin Suame don kawo musu injuna da horo.

A irin wannan wuri ba a jefar da sitiyari don ya tsufa. Na tsofaffin Bedford masu jikin katako baƙar roba ce mai tauri a kan zoben ƙarfe. Rana da gumi su tsattsaga ta har ta riƙa cizon tafin hannu. Direba sai ya yanka tsohon tiyub siri-siri ya naɗe, mai son ado ya bi da zaren roba mai launi. Wanda ke da hali ya kai wa mai ɗinkin kujeru a ja masa fata a ɗinke ta ciki, aikin da ba baƙo ba ne ga Zongo, unguwar da ta gaji dukanci. Wannan ba almubazzaranci ba ne. Mutumin da zai riƙe abu daga Kumasi har Bawku ya cancanci ya ji daɗin riƙonsa, kuma fasinja da sitiyari yake fara auna tsabtar direba.

Cire sitiyari a da aiki ne na ɗan lokaci. A miƙe tayoyin gaba, a ɓalle murfin hon, a yi alama a kan sandar don kada ya koma a karkace. Sai a kwance babban notin tsakiya amma a bar shi a bakin zare, domin in sitiyarin ya saki da ƙarfi kada ya fasa wa yaro haƙori. Masta na kirki ba ya barin a buga sandar da guduma kai tsaye.

Motocin da ake shigowa da su yanzu daga Turai da Amurka da Koriya sun canza lissafin. A tsakiyar sitiyari akwai jakar iska mai ɗauke da abin fashewa, don haka sai an cire kan batir an ɗan jira kafin a taɓa ta. A bayanta akwai siririyar waya naɗaɗɗiya da ke kai wuta ga hon da maɓallai; in aka bari ta juya bayan an zare sitiyarin, tana tsinkewa a kwanar farko. Abin takaici shi ne a ga an gyara fata ta yi sheƙi, amma an mayar da murfi babu jaka a ciki, mai mota bai sani ba. Shi ya sa yau a Suame aikin da makaniki ɗaya ke gamawa a da ya koma hannun mutum uku: mai wayarin ya kwance, mai ɗinki ya ja fata, mai kwamfuta ya jona na'urarsa ya tabbatar fitilar gargaɗi ta mutu kafin a miƙa wa direba makulli.