Tarihin Adon Fuskar Gida a Biranen Hausa

Gidan Bahaushe na gargajiya ba ya nuna wa mai wucewa komai sai katanga da zaure. Ɗakunan mata, tsakar gida, rumbu da rijiya duk suna can ciki. A tsofaffin unguwannin Kano, Zariya, Katsina da Damagaram kuwa ba a yanka filaye da ma'auni ba: gida yakan bi lungu yadda ya lanƙwashe, a ƙara ɗaki idan ɗa ya yi aure, a datse wani sashe idan an raba gado. Shi ya sa ake samun gida mai karkatacciyar katanga, ko zauren da ya turo kai cikin hanya, ko soron da ya zarce na maƙwabta babu tsari. Gyara fuskar irin wannan gida aikin magina ne tun da daɗewa.

Tun farko ba don ado aka soma ba, tsoron damina ne ya kawo shi. Ginin tubali ba ya jure ruwa sai da yaɓe, don haka da rani ake sabunta shi. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a samu makuba, a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, ya yi duhu ya yi ƙarfi. Mai hali yakan sa a yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, gashin jima da dafara, a shafe rufin soro da kan katanga. Indararo yana fitar da ruwa nesa da gini, zankwaye kuma suna ƙara wa kusurwoyin soro nauyi a daidai inda ruwa ya fi ci. Kowanne da amfaninsa, amma hannun gwani ya mai da su abin kallo.

A ƙarni na 19 zanen ƙasa ya fi yawa a cikin gini, musamman a fada da masallaci. Wanda ya fi shahara a wannan zamani shi ne Muhammadu Durugu, da ake kira Babban Gwani, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau sarauta a 1834. Bakan gizonsa da zanen ginshiƙansa sun zama abin koyi, zuriyarsa kuma ta riƙe sarautar Sarkin Magina a Zazzau. Bangon waje dai yawanci a shafe yake kawai, sai ɗan zane a bakin ƙofar masu sarauta.

Kuɗi ne suka fito da zane waje. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, auduga ta yi daraja a ƙasar Zazzau, sai attajirai da dillalai suka samu abin da za su kashe wa zaurensu. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960 aka yi ta gasa, har mutum kan gane arzikin mai gida tun kafin ya yi sallama.

Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan gwanintar take. Magini yakan yaɓa ƙasa mai laushi da kauri, tun tana ɗanye ya zana da yatsa, sannan ya riƙa tsamewa yana ɗorawa har zanen ya taso daga bango. Daga ƙofa yake farawa. Yakan kewaye ta da layuka masu tudu, ya daidaita zanen dama da na hagu, ta yadda ido zai tsaya a tsakiya ya manta da katangar da ta karkace. Idan zaure ya yi gajarta, sai a ɗaga zankwayensa. Idan ya yi tsawo babu faɗi, sai a ratsa shi da zane a kwance, a gina dakali a gindinsa ya zaunar da shi. Babu takarda, babu zanen gwaji, ido da hannu ne kawai, kuma tilas a gama kafin ƙasa ta bushe. Dagi ne sarkin zane, shi ne kuma Jihar Arewa ta ɗauka a matsayin tambarinta a zamanin Sardauna. Bayansa akwai takobi, allo da tauraro, daga baya aka shigo da keke, mota, agogo da jirgin sama, wato abubuwan da mai gida ya mallaka ko yake burin mallaka. A 1963 Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu irin wannan ado.

Zuwan siminti ya sauya salo. Maimakon zane mai tudu, sai a shafa siminti a karce shi da ƙarfe tun yana ɗanye, a bi da fenti shuɗi, kore, ja da rawaya. Ya fi sauri, ba ya kuma neman gyara kowace shekara. Sai dai siminti da ƙasa ba sa riƙe juna: danshi kan shiga tsakaninsu, yaɓen ya ɓamɓare, bangon ya zube daga ciki. Gidaje masu kyau da yawa ta haka suka salwanta. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, bulo da kwano suka mamaye birane, 'ya'yan magina da dama suka koma birkiloli.

Abin da ya rage ana ganinsa a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, a ƙofar fadar Zazzau, a unguwar Birni ta Damagaram, da gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. Masu sababbin gidaje kan manna dagi da zanko na siminti a gaban gini, amma kaɗan ne daga cikinsu ke neman maginin da ya san haɗin makuba da laso, kuma mafi yawan waɗanda suka sani sun tsufa.