Bangon Ƙasa da Lissafin Zafi: Shaida daga Dandaji

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Tawa, ɗakin bulon siminti mai rufin kwano kan koma tanda tun kafin azahar. Mai hali ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, in babu wuta ya tayar da janareta. Marar hali ya ɗauki tabarma ya nemi inuwar darbejiya. Su biyun duk suna biyan bashin da aka ci tun ranar da aka zaɓi kayan ginin. Hujjar wannan maƙala ita ce, a yankin Sahel tattalin makamashi daga bango da rufi yake farawa, kuma ƙasa ta fi kowane kayan gini dacewa da bango, muddin aka ɗauke ta a matsayin kayan aikin injiniya mai gwaji da ma'auni.

Dalilin yana cikin yadda zafi ke tafiya. Kwano siriri ne, yana ɗaukar zafin rana ya zubo shi ƙasa nan take, bulon inci shida mai rami a ciki kuwa ba shi da jikin da zai riƙe komai. Bangon tubali, wanda magina kan kaurara daga tushe su riƙa rage shi zuwa sama, yana shanye zafin a hankali, sai bayan sa'o'i masu yawa yake ratsowa ciki, lokacin rana ta riga ta faɗi. Akwai kuma makamashin da ake kashewa kafin kayan su iso fili. Siminti sai an ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450, kuma iskar kabon tana fitowa daga man ƙonawar da kuma daga dutsen kansa. Shi ya sa masana'antar siminti ke da kusan kashi 8 cikin ɗari na kabon da duniya ke fitarwa. Daga nan tirela ta ɗauko shi daga Obajana ko Kalambaina ko Malbaza. Tubali kuwa ƙafa ce ke cuɗa ƙasarsa, hannu ya mulmula, rana ta busar.

Wannan lissafi bai tsaya a takarda ba. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, an kammala cibiyar Hikma a 2018, bisa zanen Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili. Garin na da tsohon masallacin ƙasa, aikin Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Maimakon a rushe shi, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon jar ƙasa da ake matsewa a inji ba tare da ƙonawa ba. Abin lura shi ne yadda aka raba aiki: kankare ya tsaya inda ake buƙatar ɗaukar nauyi, ƙasa ta cika bango da rufi, tsayin ginin da kafofinsa kuma suka ba iska mai zafi hanyar fita ta sama. Ba a nemi ƙasa ta yi abin da ba za ta iya ba.

Suka ta farko da ake yi wa ginin ƙasa sananniya ce: ruwa. Duk damina ana jin labarin gidajen ƙasa sun rufta, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai in aka duba, ruwa ta wuri biyu yake cin bango, ta gindi inda yake kwanciya da ta kai inda rufi ya yi yoyo. Magina na da sun san haka. Sun jiƙa kwasfar ɗorawa suka yi makuba, sun haɗa katsin marina da gashin akuya da dafara suka yi laso, sun sa indararo ya tura ruwa nesa da jikin soro. Bakunan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 shaida ne kan abin da ƙasa da azara ke iya ɗauka. Yau maganin ya fi sauƙi: tushen dutse ko kankare da ya ɗago daga ƙasa, da rufi mai faɗin baki. Haka Francis Kéré ya yi a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001, inda ya ɗaga kwano a kan ƙarafa sama da silin ƙasa, kwanon ya zama laima, iska na wucewa a tsakani.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma masu kishin ginin gargajiya kan kauce mata. Bangon da ya tara zafi da rana dole ya sake shi da dare. A hunturu wannan alheri ne, amma a tsakiyar bazara, lokacin da daren kansa ba ya sanyi, soro na iya hana barci. Ba banza ba mutane ke kwana a tsakar gida a wannan lokaci. Kauri kaɗai bai isa ba ke nan. Sai an hana rana dukan bango ta gabas da yamma, an kuma buɗe tagogi masu fuskantar juna da kafofin sama domin iskar asuba ta kwashe abin da ya taru. Haka nan, bulon da ake matsewa yawanci ana zuba masa ɗan siminti don ya jure ruwa, kuma duk yadda aka ƙara simintin, haka ribar ke raguwa. Giginyar da ake tsaga azara ta yi ƙaranci, haƙar ƙasa barkatai kuma ita ta bar wa Kano kududdufai. Waɗannan iyakoki ne na gaske, amma kowannensu na neman tsari ne, babu wanda ya ce a koma ga kwano tsirara.

Abin da ya rage shi ne martaba, kuma nan ne gizo ke saƙar. A idon jama'a gidan ƙasa alamar rashi ce, har wanda ya samu sukuni abu na farko da yake yi shi ne rushe soron gado ya aza bulo. Wa'azi ba ya sauya wannan; gani ne ke sauya shi. Gidaje shida masu hawa biyu na aikin Niamey 2000, da aka kammala a Yamai a 2016 da matsattsen bulon ƙasa, don masu matsakaicin samu aka yi su, a cikin birni. Kafin irinsu su yawaita, sai hukumar tsara birane ta samu ma'aunin da za ta auna ƙarfin bulon ƙasa da shi kafin ta sa hannu a kan zane, banki ya yarda ya karɓi gidan a matsayin jingina, makarantun koyon sana'a kuma su fitar da birkilolin da suka san bambancin ƙasar da ta yi yumɓu da yawa da wadda yashi ya fi ƙarfinta.