Imel mai buɗaɗɗen tushe da na kamfani: wanne ya fi tsare sirrin mai amfani?

A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran garuruwan jihar Kebbi, matashi yakan mallaki adireshin imel ne saboda larura. Wayar Android na buƙatar asusun Google kafin a sauke manhaja daga Play Store, rajistar JAMB ma sai da imel, haka neman aiki ko tallafin karatu. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da ɗan jaridar da ke bin diddigin kuɗin ƙaramar hukuma, kusan duk Gmail suke riƙe da shi. Tambayar ita ce: wa ke iya karanta abin da ke ciki?

Bambancin nau'o'in biyu

Kowace manhaja tana da tushe, wato rubutaccen umarnin da masu ƙirƙira suka tsara mata. Gmail, wanda Google ya ƙaddamar a 2004, da Outlook na Microsoft, da Yahoo Mail, rufaffu ne: kamfanin kaɗai ke ganin tushen. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, tushenta a fili yake, kowane masani na iya dubawa ya gano kuskure ko ɓoyayyiyar ƙofa. A wannan rukuni akwai Proton Mail, wanda masana kimiyyar da suka haɗu a cibiyar CERN ta Siwizalan suka fito da shi a 2014, da Tuta na ƙasar Jamus, wanda a da ake kira Tutanota, da Roundcube da hukumomi da makarantu ke ɗorawa a na'urorinsu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wa ke riƙe da mabuɗin. Gmail na kulle saƙo a kan hanya da kuma a rumbunsa, amma mabuɗin na hannun Google. Sai a 2017 kamfanin ya sanar da daina duba wasiƙun mutane domin tsara musu talla. Proton da Tuta kuwa suna kulle saƙo tun daga na'urar mai aikawa, ba ya buɗewa sai a ta mai karɓa, muddin dukansu biyu a gida ɗaya suke. Idan aka aika zuwa Gmail ba tare da sanya wa saƙon kalmar sirri ba, kwafinsa ya shiga rumbun Google ke nan.

Inda kowanne ya taɓa gazawa

A 2013 Edward Snowden ya fallasa shirin PRISM, wanda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ke amfani da shi wajen karɓar bayanai daga manyan kamfanoni, har da Google da Microsoft da Yahoo. A shekarar ce kuma aka yi wa Yahoo kutsen da daga baya, a 2017, kamfanin ya amsa cewa ya shafi asusu biliyan 3.

Buɗaɗɗun ma ba su tsira ba. A 2021 Proton ya miƙa lambar IP ta wani ɗan fafutukar kare muhalli na Faransa bisa umarnin hukumomin Siwizalan. Wasiƙunsa ba su buɗu ba, amma lambar ta isa a bi sawunsa. A 2020 wata kotu a birnin Kolon ta tilasta wa Tutanota sa ido a kan wasiƙun da ke shiga wani asusu ba a kulle ba. A 2023 kamfanin tsaro na ESET ya gano masu kutse na amfani da wani rauni a Roundcube wajen satar wasiƙun hukumomin Turai. Buɗaɗɗen tushe na sauƙaƙa gano ɓaraka, amma ɗinke ta sai mai kula da na'ura ya sabunta manhajar.

Me dokar Najeriya ta tanada?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da hirar waya na kowane ɗan ƙasa, kuma a watan Yunin 2023 aka sanya hannu a dokar kare bayanan jama'a. Sai dai sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu hulɗa da su na shekara 2, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan an nema. Tun Disambar 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta wallafa rahoto kan yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kiran waya wajen kama 'yan jarida, ciki har da Samuel Ogundipe na Premium Times da aka tsare a 2018.

Ma'anar wannan ga mai amfani ita ce, asusun da aka buɗe da lambar waya tamkar an rubuta masa cikakken sunan mai shi ne, kowane irin kulle ke jikinsa.

Wanne ya dace da wa?

Ga ɗan kasuwar albasa a Aliero da ke aika takardar kuɗi, ko ɗalibin da ke jiran saƙon makaranta, Gmail ya wadatar. Yana ba da wurin ajiya na 15GB kyauta, yana tace saƙonnin 'yan damfara sosai, kuma idan an manta kalmar sirri akwai hanyar dawo da asusu. Barazanar da ta fi kusa da irin waɗannan masu amfani ita ce barin mai shagon kwamfuta ya buɗe musu asusu ya kuma riƙe kalmar sirrin. A canza ta nan take, a kuma kunna tantancewa mai mataki biyu.

Ga ma'aikacin da zai tsegunta wa ɗan jarida badaƙalar kwangila a Maiyama, ko mai sa ido a zaɓe a Jega, Proton ko Tuta sun fi dacewa, bisa sharuɗɗa. Ɓangarorin biyu su buɗe asusu a gida ɗaya. Kada a saka lambar waya ko tsohon imel a matsayin hanyar dawo da asusu. A shiga ta manhajar Tor domin ɓoye lambar IP, kuma ba da wayar ofis ba. A lura cewa Proton ba ya kulle kanun saƙo yadda yake kulle cikinsa, Tuta kuwa yana kulle duka. Wurin ajiyar kyauta a wajensu bai wuce 1GB ba, kuma wanda ya manta kalmar sirri ya kuma batar da kalmomin ceto na iya rasa tsofaffin wasiƙunsa har abada, domin kamfanin kansa ba shi da mabuɗin.

Babu abin da ya hana mutum riƙe asusu biyu, ɗaya na harkokin yau da kullum, ɗaya na abin da fitarsa za ta iya jawo wa wani kora daga aiki ko kwana a ofishin 'yan sanda. Sharaɗin kawai shi ne kada ɗayan ya taɓa aika wa ɗayan saƙo.