Sau Biyu Babban Kanti Yana Zuwa Kano

A watan Janairun 2024 kantin Shoprite na Ado Bayero Mall, a kan titin gidan Zoo, ya rufe ƙofa, saura wata biyu ya cika shekara goma da buɗewarsa a watan Maris na 2014. Lokacin da ya zo, abin da ake hange shi ne abin da ya faru a wasu ƙasashe: ƙaton kanti ya sauka a gari, ya karya farashi, ƙananan shaguna su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A Kano ba a yi haka ba. Kantin ya zo ya tafi, Kasuwar Singa tana nan 'yan dako suna lodin katan-katan na taliya da sabulu, mai shagon lungu yana nan yana ƙulla sukari a leda. Wannan kuwa shi ne karo na biyu, domin kafin Shoprite an yi Kingsway. Abin da zuwan nan biyu suke nunawa, a ganina, shi ne babban kanti jingine yake da abubuwan da ke wajen katangarsa: mota, firji, albashin wata, wutar da ba a ɗaukewa, da kuɗin ƙasa da darajarsa ke zaune wuri ɗaya. Inda waɗannan suka haɗu yakan cinye kasuwar unguwa. Inda suka yi ƙaranci, shi ne yake fara faɗuwa.

Asalin abin daga Amurka ne, kuma sannu a hankali aka gina shi. A 1916 wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly a birnin Memphis, inda mai saye yake ɗaukar kwando ya zagaya ya ɗebi kaya da hannunsa, maimakon ya tsaya gaban kanta yana faɗa wa yaron shago abin da yake so. A 1930 King Kullen ya buɗe a New York da dabarar sayar da abinci mai yawa a kan 'yar ƙaramar riba. Amma ƙaton kanti mai kama da sito, wanda filin ajiye motocinsa ya fi ginin faɗi, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya samu gindin zama. A 1956 gwamnatin Amurka ta yi dokar shimfiɗa manyan hanyoyi tsakanin jihohi, jama'a suka yi ta komawa sababbin unguwanni a bayan gari, kusan kowane gida da motarsa da firjinsa. A shekarar 1962 kaɗai aka buɗe kantin farko na Kmart, da na Target, da na Walmart, wanda Sam Walton ya kafa a Rogers, wani ƙaramin gari a jihar Arkansas. Magidanci ya tuƙa mota sau ɗaya a mako, ya cika but da cefanen kwana bakwai, ya zuba a firji. Mai irin wannan rayuwa me zai yi da shago a bakin layinsa? Kenneth Stone, masanin tattalin arziki a jami'ar jihar Iowa, ya bi diddigin cinikin ƙananan garuruwan jihar a ƙarshen shekarun 1980, ya tarar shagunan da ke sayar da irin kayan Walmart cinikinsu ya ja baya, haka ma na garuruwan maƙwabta da mutanensu suka koma zuwa can sayayya. A Faransa abin ya kai ga hukuma ta yi doka a 1973, ta ce sai da izini na musamman za a gina kanti mai irin wannan girma.

Kasuwancin Kano ta wata hanya dabam ya taso. Tun da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ciniki hawa-hawa yake tafiya: falke ya kawo kaya, fatoma ya sauke shi ya tsaya masa, dillali ya haɗa shi da mai saye, ɗan koli ya ɗauki kaɗan ya shiga ƙauye. Abin da ke riƙe da kowane hawa shi ne amana da bashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO ta Faransawa suka kafa rumbunansu kusa da tasha, daga baya UAC ta haɗe wasu daga cikinsu bayan kafuwarta a 1929. Kalmar kanti ma kanta daga bakin Turawan nan Hausa ta aro ta. Sai dai waɗannan kamfanoni ba su tsaya sayar wa talaka allura ɗaya ko ashana kwali ɗaya ba. Sun riƙa ba wa manyan 'yan kasuwa kuɗi da kaya bashi, su kuma su rarraba wa yaransu har ƙauyuka. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ta wannan hanya ya zama babban mai sayen gyaɗa ga UAC. Kwarori suka zauna a Fagge da cinikin yadi, wurin da ya zama Kantin Kwari, kafin 'yan ƙasa su karɓe harkar. Duk baƙon kamfanin da ya daɗe a Kano, hawan sama na wannan tsani ya hau ya zauna, ya bar na ƙasa suna aikinsu.

Kingsway shi ne gwaji na farko na tsallake tsanin. UAC ta buɗe shi a Legas a 1948, ya yi rassa a manyan garuruwa har da Arewa, tare da takwarorinsa irin su Leventis da UTC. Kanti ne mai farashi a rubuce, ba tayi ba albarka, kayansa mafi yawa daga Ingila. Masu sayayyarsa da farko Turawa ne da manyan ma'aikatan gwamnati, sannan arzikin man fetur na shekarun 1970 da ƙarin albashin Udoji suka faɗaɗa masa kasuwa, a lokacin da naira ta fi dala daraja. Da farashin mai ya karye, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasin, sannan a 1986 tsarin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida ya karya naira. Kantocin da aka saba gani maƙare da gwangwanaye suka koma wayam, albashin ma'aikaci ya daina kai shi ƙofar wurin, Kingsway ya zama tarihi.

Zuwa na biyu daga Afirka ta Kudu ya fito. Shoprite ya shigo Najeriya a watan Disambar 2005 ta Lekki a Legas, ya iso Kano a 2014 tare da Game, kantin kamfanin Massmart, wanda Walmart ta sayi fiye da rabinsa a 2011. Ke nan zaren da aka fara saƙawa a Arkansas ya zo har titin gidan Zoo. A shekarar da aka buɗe wurin, dala ɗaya kusan naira 160 ce. Farashin mai ya sake faɗuwa a ƙarshen shekarar, a 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana ba da dala don shigo da kaya iri 41, a 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. A 2020 uwar kamfanin ta sanar cewa za ta sayar da harkarta ta Najeriya, a 2021 wasu 'yan kasuwar ƙasar suka saya suka ci gaba da amfani da sunan. Game ya tattara ya bar ƙasar. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dala ta haura naira 1,000 a kasuwar bayan fage, reshen Shoprite na Kano ya bi sahu.

Wani zai ce ai wannan labarin naira ne kawai, babu wata bajinta ta mai shago a ciki. Da kuɗin ƙasa ya zauna, da kantin yana nan. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta amsa tambaya ɗaya ba: faɗuwar naira ta bugi mai shago kamar yadda ta bugi kantin, to me ya sa shi ya tsaya? Amsar tana cikin shagon. Ɗaki ne ɗaya da aka fasa a jikin gida, fitilar sola ɗaya, babu janareta mai shan dizal dare da rana don sanyaya nama da madara. Mai shagon yana sarin abin da zai ƙare cikin kwana biyu ko uku a Singa, don haka in farashi ya tashi da safe, da yamma ya riga ya gyara nasa. Yaron shagon ƙaninsa ne ko ɗan garinsu, wanda ake sa ran wata rana za a yaye shi da jari. Mafi muhimmanci, yana sayarwa da ma'aunin aljihun maƙwabtansa. Leburan da aka sallama da yamma, da mai adaidaita sahun da ya cire balas ya ga abin da ya rage, rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce. Uwargida ta aiko yaro: rabin kwanon shinkafa, magi ƙwaya uku, ƙullin omo, man gyaɗa a 'yar leda. In kuɗin bai kai ba, mai shago ya jawo littafin makaranta da ke rataye a ƙusa ya rubuta, domin ya san gidan, ya san ranar da maigidan yake samu. Kantin da sai ka biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ka sayi fakiti sukutum, ka biya nan take, ba ya gasa da wannan, ko da kilo ɗinsa ya fi araha.

Akwai ƙorafi na biyu wanda ya fi wannan nauyi, kuma bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Talakan da ke sayen ƙulli-ƙulli, in aka tara abin da ya biya a wata, ya fi mai sayen buhu biyan tsada. Mudu yana iya zama bugagge, kaya na iya zama jabu ko wanda wa'adinsa ya wuce, bashin mai shago kuma yana ɗaure mutum da shago ɗaya. Babban kanti yana ba da rasit, yana biyan haraji a fili, yana ɗaukar ma'aikata da albashi, mace tana iya shiga ta duba kaya a natse ba turereniya. Waɗannan amfanoni ne na gaske, kuma jama'a suna son su. Shaida ita ce kantunan zamani na 'yan gida, irin su Sahad Stores na Alhaji Ibrahim Mijinyawa, da ɗimbin matsakaitan kantuna da suka bazu a Nasarawa da titin gidan Zoo da sauran unguwannin masu hali. Amma a lura da yadda suka rayu. Sun ɗauki farashi a rubuce da kwandon zagayawa, suka haɗa da atamfa da shadda da turare da kayan lefe, suka rage girma, suka matso kusa da gidajen masu saye, kuma da yawansu suna sari a kasuwannin da mai shago yake sari. Sun zama wani sabon hawa a tsohon tsanin, kamar yadda kamfanonin zamanin gyaɗa suka yi.

Shi ya sa nake ganin duk mai tausayin ƙaramin ɗan kasuwa a Kano, in ya tsaya kallon manyan kantuna, ya bar inda ciwon yake. A shekarun da Shoprite ya yi a birnin, abin da ya raba mutane da shagunansu wuta ne da ruwa da rigimar fili. Gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari cikin dare ɗaya, a kasuwar da cunkoso ya sa motar kashe gobara ke shan wahalar kutsawa. A daminar 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta lalata dilolin yadi, 'yan kasuwa suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. A watan Yunin 2023 aka rushe shagunan filin Idi, waɗanda gwamnati ɗaya ta ba da izinin ginawa, wata ta zo ta ce ba bisa ƙa'ida aka yi ba, asarar ta faɗa kan wanda ya sayi shago ya zuba kaya. Wata ɗaya bayan rufe Shoprite kuma, a Fabrairun 2024, hukumomi suka rufe shagunan 'yan magani na Sabon Gari, suka ce su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro kan titin Zariya. Dalilin hukuma mai ƙarfi ne, domin jabun magani yana kisa. Amma ga mai ƙaramin kemis a Kurna ko Rijiyar Lemo, sarin da yake yi a tsakiyar gari ya koma ɗaya ƙarshen birnin, kuma kuɗin motar da ya ƙaru a kan farashin ƙwayar maganin zai fito.