Ƙarin Saurin Intanet na Gida Kyauta: Kuɗin da Ke Ɓoye da Sharuɗɗan da Ke Biye da Shi

Kamfanonin da ke samar da intanet na gida a ƙasashe da dama sun saba aika wa abokan hulɗarsu saƙo cewa za a ƙara musu sauri ba tare da sun biya ko kwabo ba. Sau da yawa saurin yana ƙaruwa kamar yadda aka alkawarta, kuma kuɗin watan farko ba ya canzawa. Abin da ke tsada shi ne sharuɗɗan da akan haɗa da tayin, waɗanda mai saye ba ya jin nauyinsu sai bayan watanni. Birtaniya na cikin ƙasashen da hukumomi suka daɗe suna bibiyar wannan lamari, don haka abin da ya faru a can yana nuna inda kuɗin ke ɓuya.

Tayi iri biyu

Akwai ƙarin saurin da kamfani ke yi da kansa bayan ya inganta layukansa. A nan yakan ɗaga saurin duk wanda ke kan wani tsari, ba tare da neman amincewar kowa ba, kuma tsohuwar yarjejeniya tana nan yadda take. Wannan ba ya ci wa kamfani kuɗi mai yawa, domin da zarar an shimfiɗa wayar faiba zuwa gida, sauya saurin yakan kasance gyaran saiti ne daga ofishi.

Nau'i na biyu shi ne wanda ake neman mai saye ya danna alamar amincewa a waya ko kwamfuta, ko ya amsa da baki idan wakilin kamfani ya kira shi. Galibi wannan amincewa tana nufin an ƙulla sabuwar yarjejeniya, an soke tsohuwar. Alamar da ta fi saurin bambanta su ita ce neman izini: idan sai mutum ya amince kafin a ƙara masa sauri, to akwai wani abu a cikin sharuɗɗa da zai canza.

Sabon wa'adi da tarar ficewa

A Birtaniya, yarjejeniyar intanet na gida takan ɗauki wata 12, 18 ko 24, kuma ƙa'ida ba ta yarda a ɗaure mai saye fiye da wata 24 ba. Wanda ya rage masa wata uku ya kammala wa'adinsa, idan ya karɓi tayin ƙarin sauri, yana iya tarar da kansa a farkon sabon wa'adi na shekara biyu. Da ya jira watannin nan uku, da yana da 'yancin neman ragi ko komawa wani kamfani ba tare da tara ba.

Tarar ficewa kafin cikar wa'adi akan lissafa ta ne bisa watannin da suka rage, saboda haka sabunta wa'adi yana ƙara mata girma. Ko a lissafin tarar ma akan sami wuce gona da iri. A watan Nuwamba na 2018, hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta ci tarar kamfanin Virgin Media fam miliyan 7 da kamfanin EE fam miliyan 6.3 saboda karɓar kuɗin da ya wuce ƙima daga hannun waɗanda suka fice da wuri.

Tun daga watan Fabrairu na 2020, hukumar ta wajabta wa kamfanoni sanar da mai saye tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin wa'adinsa ya cika, tare da faɗa masa kuɗin da zai koma biya da kuma tayi mafi rahusa da suke da shi. Haka kuma dokar ƙasar ta bai wa wanda ya ƙulla yarjejeniya ta waya ko ta intanet kwana 14 na janyewa.

Ƙarin farashi a tsakiyar wa'adi

Hanya ta biyu da kuɗi ke shigowa ita ce sharaɗin ƙarin farashi na shekara-shekara. Shekaru da dama manyan kamfanonin Birtaniya sun riƙa rubuta cewa kowace shekara za su ƙara kuɗi daidai da hauhawar farashin kayayyaki, sannan su ɗora kashi 3.9 cikin ɗari a kai. Da hauhawar ta kai kashi 10.5 a watan Disamba na 2022, abokan hulɗar BT da EE sun fuskanci ƙarin kashi 14.4 cikin ɗari a 2023. Wanda ke biyan fam 30 a wata ya koma biyan fam 34.32, kuma ba shi da damar ficewa ba tare da tara ba, tunda ya amince da sharaɗin tun farko.

Ofcom ta hana irin wannan lissafi a sababbin yarjejeniyoyi daga ranar 17 ga Janairu, 2025. Yanzu dole kamfani ya faɗi adadin kuɗin da zai ƙara da lokacin da zai ƙara shi, a daidai lokacin da ake ƙulla ciniki. Matakin bai hana ƙarin kansa ba, ya dai tilasta bayyana shi.

Akwai kuma tayin da kyautarsa ke da iyaka, kamar wata uku ko shida. Idan lokacin ya wuce, akan bar mai saye a kan babban tsarin da cikakken farashinsa, sai idan shi da kansa ya nemi a mayar da shi.

Na'urorin cikin gida

Saurin da kamfani ya aiko yana tsayawa ne a inda na'ura mafi rauni ta tsaya. Tsofaffin na'urorin rauta da yawa suna da kafar waya da ba ta wuce megabit 100 a daƙiƙa, don haka ko an ba gida megabit 500, ba zai ga fiye da 100 ta wannan kafa ba. Haka nan tsofaffin wayoyin hannu da kwamfutoci da ke aiki da zangon waifai na gigahaz 2.4 kaɗai ba sa cin moriyar ƙarin kamar masu zangon gigahaz 5, kuma katangar bulo tana rage ƙarfin siginar.

Wannan ne ke sa tayin kyauta ya zo da buƙatar sabuwar rauta, ko dai a saya, ko a biya haya kowane wata, ko a biya kuɗin kawowa da haɗawa. Wasu yarjejeniyoyi sun tanadi cewa na'urar mallakin kamfani ce, kuma wanda bai mayar da ita ba lokacin ficewa zai biya kuɗinta.

Saurin ƙarewar data

Ga masu tsarin da ke da iyakar data, ƙarin sauri yana iya jawo ƙarewarta da wuri. Manhajojin kallon bidiyo sukan ɗaga ingancin hoto da kansu idan suka ga layi na da ƙarfi. Kamfanin Netflix ya bayyana cewa kallon awa ɗaya a matakin HD yana cin har gigabait 3, a matakin 4K kuwa har gigabait 7. Bisa wannan lissafi, gigabait 500 za ta ɗauki kimanin awa 166 a mataki na farko, amma awa 71 kacal a na biyu.

Ya kamata kuma a auna ko gida na buƙatar ƙarin. Netflix ɗin ya ba da shawarar megabit 5 don cikakken HD da megabit 15 don 4K a na'ura guda. Iyalin da ke da megabit 50 masu zuwa ba yankewa suna iya kallo a na'urori uku lokaci ɗaya.

Saurin talla da saurin zahiri

Kamfanoni suna auna sauri da megabit, alhali girman fayil da megabait ake auna shi, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Layin megabit 100 yana sauke megabait 12.5 ne a daƙiƙa idan komai ya tafi daidai. Sannan lambar da ake tallatawa galibi ta saukewa ce, ta ɗorawa kuwa, wadda kiran bidiyo da aika manyan fayiloli suka dogara a kanta, tana iya zama yadda take.

Tun watan Mayu na 2018, ƙa'idar talla a Birtaniya ta buƙaci saurin da aka ambata ya zama wanda aƙalla rabin masu saye ke samu a lokacin cunkoso, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. Kafin nan, ya isa kashi 10 cikin ɗari su same shi. Kamfanonin da suka sa hannu a ƙa'idar sauri ta Ofcom kuma suna ba da mafi ƙarancin saurin da suka lamunta, idan suka kasa gyara matsala cikin kwana 30 mai saye na iya ficewa ba tara. A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC ta wajabta wa manyan kamfanoni, daga watan Afrilu na 2024, nuna farashi, ƙarin kuɗaɗe, iyakar data da saurin da aka saba samu a takardar bayani guda.

Yadda lamarin ya shafi Najeriya

A Najeriya, galibin masu intanet na gida suna biya ne kafin amfani, wata-wata, don haka ɗaurin dogon wa'adi bai kai na Birtaniya yawa ba. Wuraren da ya fi dacewa a duba su ne kuɗin na'ura da na haɗawa, sabunta tsari kai tsaye daga asusun banki, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da kuma ƙa'idar amfani cikin adalci. Wannan ƙa'ida ce ke bai wa kamfani damar rage sauri bayan an cinye wani adadi na data, ko da an kira tsarin marar iyaka. Idan an ƙara sauri ba a ɗaga wannan adadi ba, gida zai kai gare shi da wuri.

Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003 ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, alhakin amincewa da farashin kamfanonin da ta bai wa lasisi. A watan Janairu na 2025, hukumar ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta tanadi haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma hana sharuɗɗan da ba na adalci ba.

Abin da za a tambaya kafin amincewa

Kafin karɓar tayi, mai saye ya nemi amsar waɗannan a rubuce: shin wa'adin yarjejeniya zai sake farawa, kuma nawa ne tarar ficewa? Har yaushe kyautar za ta ɗore, kuma nawa za a koma biya bayan ta ƙare? Na'urar da ke gida za ta iya ɗaukar sabon saurin? Iyakar data da saurin ɗorawa za su canza? Za a iya komawa tsohon tsari a tsohon farashi?

Yana da kyau a auna sauri kafin sauyin da bayansa, da kwamfutar da aka jona da waya kai tsaye zuwa rauta, a kuma adana saƙon tayin. Idan saɓani ya taso, a fara kai ƙorafi ga kamfanin tare da karɓar lambar shaidar ƙorafin. In ba a sami gamsuwa ba, ana iya kiran layin NCC na kyauta, 622, ko a miƙa koke ga FCCPC.