Idan mota ta ƙi tashi saboda na'urar hana sata: abin da za a duba kafin a taɓa waya

A kan hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji a yammacin birnin Maradi, da Agye da Gazawa a gabashinsa, ana samun motar da ta zo lafiya lau, direba ya kashe ta ya yi salla, ya dawo ta ƙi tashi. Esansi na nan, demarer na juya inji, amma wuta ba ta kamawa, ko an tura ta a banza. Sau da yawa laifin na na'urar hana sata ne, wadda ake kira antidémarrage da Faransanci. Masu irin wannan gyara sun fi yawa a manyan birane, kuma daga Agye zuwa Maradi kimanin kilomita 80 ne. Saboda haka kafin a ɗauki kuɗin jan mota, akwai abubuwan da direba zai iya dubawa da kansa.

Yadda na'urar take aiki

A cikin robar kan makulli akwai wani ɗan ƙaramin gutsure na lantarki mai ɗauke da lambar sirri. A kewayen ramin kontak kuma akwai zoben waya. In an murɗa makulli, zoben ya ba gutsuren wuta ta iska, ya karanta lambar, ya miƙa ta ga kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira kalkilater. In lambar ta dace, kwamfuta ta saki mai da wuta. In ba ta dace ba, ko ba ta iso ba, sai ta hana. Gutsuren makullin da ake sokawa ba ya aiki da batir. Ɗan batirin da ke ciki na buɗe ƙofofi ne kawai.

Tun shekarar 1998 doka ta tilasta sa wannan na'ura a sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai. Wani bincike da Jan van Ours da Ben Vollaard suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa ta rage satar motoci da kusan kashi 40 cikin 100. Da yake yawancin motocin da ke yawo a Nijar na hannu ne da aka shigo da su ta tashoshin ruwa irin na Kwatano da Lome, da na'urar suke zuwa, kuma galibi da makulli ɗaya tak.

Alamomin da ke nuna ita ce

Shaida ta farko tana kan allon gaban direba: ƴar fitila mai hoton makulli, ko mota da kwaɗo, ko jan ɗigo. In komai na daidai, tana mutuwa da zarar mota ta gane makullinta. In ta ci gaba da ƙiftawa bayan an buɗe kontak, motar ba ta gane shi ba. A Toyota inji yakan yi ta juyawa bai kama ba. A Volkswagen yakan tashi, ya mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Peugeot da Citroën masu allon rubutu sukan rubuta saƙon matsalar antivol. In kuwa fitilar ta mutu yadda ta saba amma mota ba ta tashi ba, sai a nemi matsalar a wani wuri, kamar famfon mai ko buji.

Daga mai sauƙi zuwa mai tsada

1. Batirin mota. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12,6 in mota na kashe. In ya yi ƙasa da volt 12 ya yi rauni, kuma wutar da ta rage ba lalle ta ishi na'urar karanta makulli ba lokacin da demarer ke ja. Zafin watannin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a jahar Maradi, yana rage wa batir kwana. A goge kawunan batir, a ɗaure su tamau, a duba wayar da ke haɗe da jikin mota.

2. Makullin kansa. A raba shi da sauran makullai, domin makullin wata mota ko ƙarfe a kusa na iya rikita karatu. A duba ko robar ta fashe: gutsuren na iya faɗuwa ba a sani ba, musamman in an sake wa makulli gida. Makullin da aka yanka a kasuwa ba tare da gutsure ba zai buɗe ƙofa, ya murɗa kontak, amma ba zai tada inji ba. In akwai makulli na biyu, a gwada shi. Wannan gwaji kaɗai na raba gardama tsakanin laifin makulli da na mota.

3. Mota mai maɓallin dannawa. Ita makullinta na buƙatar ƙaramin batir mai volt 3, sau da yawa samfurin CR2032. In ya mutu, a yawancinsu ana manna makullin a jikin maɓallin, a taka birki, a danna.

4. A huta. A zare makulli, a rufe ƙofofi, a jira ƴan mintoci a sake gwadawa. Wasu motoci sukan kulle na ɗan lokaci in an yi ta gwadawa a jere.

5. Fizibil da zobe. A duba fizibil na inji da na na'urar bisa zanen da ke jikin murfin akwatinsu, kuma a maye wanda ya ƙone da mai lamba irin tasa, ba da silin waya ba. Girgizar hanyoyin ƙauye na iya sassauta filogin zoben kontak. Ruwan damina ko wankin inji da matsin ruwa na iya jiƙa filogin kwamfuta.

6. Abin da aka ƙara daga baya. Ƙararrawa, ɓoyayyen maɓallin yanke wuta, ko na'urar GPS mai tsayar da mota daga nesa, duk ana yanka wayar asali ne a haɗa su. Haɗin da ya yi tsatsa na hana mota tashi kamar yadda na'urar kamfani ke yi. Wanda ya sayi mota ta hannu ya tambayi mai ita na farko ko an sa mata irin wannan.

Lokacin neman mai na'ura

In duk waɗannan ba su yi ba, aiki ya koma hannun mai gyaran wutar mota da ke da kwamfutar bincike, wadda ake kira valise. Ana jona ta ne a wani filogi mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta nuna ko laifin na makulli ne, ko na zobe, ko na kwamfuta. Da ita ake koya wa mota sabon makulli. Peugeot da Citroën na neman wata lambar sirri mai harufa ko alƙaluma 4 da ke zuwa a kan kati tare da motar. A Toyota da yawa baƙin makulli shi ne uba, kuma da shi ake rajistar wani cikin sauƙi. Mai ruwan toka ba ya wannan aikin. A tafi da kart giriz da katin shaida, domin mai gyara na ƙwarai ba ya yi wa mota makulli sai ya san ta wane ce.

Abubuwa biyu ne suka fi jawo asara. Na farko, barin wanda bai san tsarin ba ya yanka wayoyi ko ya haɗa wuta kai tsaye: hakan ba ya tada motar zamani, sai dai ya ƙona kwamfuta. Na biyu, sayen kwamfutar hannu ita kaɗai. Ba za ta yi aiki ba sai an daidaita ta da makullin motar, kuma kayan da ba a san asalinsu ba na iya zama na motar sata. Wasu na cire na'urar gaba ɗaya, ko su manna gutsuren a jikin zobe. Mota za ta tashi, amma daga ranar duk ƙarfen da ya murɗa kontak zai tafi da ita.

Rigakafi mafi arha shi ne a yi makulli na biyu tun na farko yana aiki, a gwada shi ya tada inji, a ajiye shi a gida tare da katin lambar sirri. Yin kwafi alhali akwai makulli mai rai ƙaramin aiki ne. In duka sun ɓace, sai an ja motar zuwa birni, wani lokaci har a ciro kwamfutarta.