Wasalin da Ya Ɓace Ya Bar Ɗalibai da Jan Biro

Duk wanda ya zauna ajin Turanci ya haddace dokar: kalmar da ta ƙare da -ly bayanau ce, wadda ba ta da shi sifa ce. Ranar jarrabawa sai a kawo wa yaro "friendly", ya ce bayanau, malam ya ja masa jan biro. A kawo "fast" cikin "he runs fast", ya ce sifa, a sake ja. Yaron nan ya gaji rigimar da ta girme shi da ɗaruruwan shekaru.

A tsohon Turanci, wanda ake yi kafin Normanawa su ci Ingila a 1066, abin a sarari yake. Mai son bayanau sai ya ɗauki sifa ya liƙa mata wasalin -e: "heard" ta koma "hearde", "fæst" ta koma "fæste". Akwai kuma ɗafa-ƙeya -lic, wadda asalinta kalma ce mai nufin jiki ko kama, aikinta gina sifa. Ita ma in an ƙara mata -e, sai ta ba da bayanau: -lice.

Sannu a hankali Turawa suka riƙa haɗiye wannan wasali na ƙarshe. Zuwa wajajen 1400, shekarar da mawaƙi Chaucer ya mutu, ya kusan daina fita a baki. Da ya tafi, "hard" da "fast" suka zama kalma ɗaya mai aiki biyu. Haka -lic da -lice suka narke suka zama -ly, shi ya sa "friendly" da "lovely" suke sifa, "quickly" kuwa bayanau.

A ƙarni na 18 masana nahawu suka so gyara gidan. Robert Lowth, a littafinsa na 1762, ya soki sanya sifa a gurbin bayanau. Lindley Murray ya bi sahunsa a 1795, littafinsa kuma ya mamaye makarantun Ingila da Amurka. Daga nan bayanau marar -ly ya fara kama da kuskure, alhali da yawansu halattattun 'ya'yan harshen ne. Dokar ma ba ta iya share su ba: "he works hard" yabo ne ga mai ƙwazo, "he hardly works" kuwa zargin lalaci ne.

Saboda haka hanyar rarrabewa ita ce duba aikin kalma a cikin jimla. In suna take siffantawa, sifa ce. In aikatau ko sifa ko wani bayanau take ƙara wa bayani, bayanau ce, da -ly ko babu.

Direban da ya maƙale a cunkoso yana ƙorafin "gosulo" ma yana riƙe da irin wannan tsohon bayanau a bakinsa. Daga "go slow" kalmar ta fito, kuma "slow" ɗin nan ta daɗe tana aikin bayanau tun kafin a haifi Lowth.